Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya: Na'urar Hoton Ƙirji Ta Zo Ta Tafi, Masu Tarin Suna Nan

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jiha,
ta hannun Jami'in Shirin Yaƙi da Tarin Fuka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka. Allah Ya taya ka riƙon wannan amana.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke can ƙurya a ƙaramar hukumarmu, inda kwalta ke ƙarewa tun kafin a iso. Ni ne kuma sakataren kwamitin lafiya na mazaɓa, wanda ya haɗa dagaci da masu unguwanni, da limamanmu, da ungozoma, da shugabar mata, da wakilin matasa. Da yawunsu nake wannan rubutu. Mun zauna a zauren dagaci bayan sallar la'asar, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, aka ce tunda biro a hannuna yake, ni zan rubuta. Mun yarda a yi ta a buɗe ne domin takardu biyu da muka tura ta hanyar da aka saba har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba. Mun kuma tabbata akwai ƙauyuka irin namu da za su karanta su ce ai labarinsu ake bayarwa.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da godiya zan fara. Bara, bayan an gama girbi, aka aiko mana cewa za a kawo na'urar ɗaukar hoton ƙirji don binciken tarin fuka. Mun zaci babbar mota za mu gani, har matasa suka fita cike ramukan da ke bayan makaranta. Sai ga mutum uku a kan babura biyu, ɗaya na goye da jaka kamar ɗan makarantar kwana. A ajina aka kafa ta. Aka tura bencina gefe, aka tsayar da wani abu mai ƙafa uku irin na masu hoton biki, aka rataya wani faifai mai faɗi a gabansa. Mutum ya tsaya ya manna ƙirjinsa, a ce masa "ja numfashi, riƙe", shi ke nan. Kafin ya gama mayar da rigarsa hoton huhunsa ya fito a kwamfuta, manhajar da ke ciki ta ba shi maki, inda ta yi zargi kuma ta shafa masa launi. Ba a wanke fim ba, ba a tayar da janareta ba, batir ne kawai. Dattawan da suka san yadda ake kwana a birni saboda hoto ɗaya sai riƙe baki suke yi.

Ni kuwa ina tsaye a bakin taga, yayana nake tunawa. Tela ne, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ya yi wata da watanni yana tari, muna cewa sanyi ne, ƙurar yadi ce. Aka sha maganin tari na kemis kwalba bayan kwalba, aka koma jiƙe-jiƙe, da ya fara ramewa yana jiƙa shimfiɗa da gumin dare sai aka ce sammu ne. Ranar da muka ga jini a tsummansa muka hau mota biyu zuwa birni. Likitan ya ɗaga hoton a haske, ya dube mu, ya daɗe bai ce uffan ba. An fara masa magani, amma mun makara. Kwana ya ƙare, mun karɓi ƙaddara. Sai dai da irin wannan jaka ta zo ƙofar shagonsa shekara guda kafin nan, da aƙalla mun san abin da muke yaƙa.

Ba zan koya maka aikinka ba, ranka ya daɗe, amma tunda jama'a za su karanta, bari in faɗi abin da ya sa muka karɓi wannan na'ura hannu bibbiyu. A da tambaya ake yi: kana tari sama da mako biyu, kana zazzaɓi, kana rama? Wanda ya ce a'a sai a wuce shi. To binciken gida-gida da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu ƙwayar cutar a kakinsu ba su kawo kukan wata alama ba. Suna noma, suna cin kasuwa, suna sahu da mu a masallaci. Hoto ne ke kama irin waɗannan. Abin da ke kawo cikas a da shi ne wa zai karanta hoton, tunda likitocin da suka ƙware a kai kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince manhajar kwamfuta ta riƙa karanta hoton ƙirjin 'yan shekara 15 zuwa sama, wannan ne ya buɗe hanyar da jakar nan ta biyo har ta iso ajina. Kuma muna buƙatarta fiye da kowa: Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, ta shida a duniya. An ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ne suka kamu a 2023, waɗanda aka gano aka rubuta sunansu kuwa sun ɗan haura 360,000. Sauran fiye da dubu ɗari ɗin nan ba a sama suke ba. Suna ƙauyuka irin namu, kuma kowannensu zai iya shafa wa mutum 5 zuwa 15 a shekara in ba a yi masa magani ba.

Yanzu ga abin da ya kawo mu.

Kukanmu na farko shi ne zuwa ɗaya aka yi, tun daga nan shiru. Yini guda suka yi, batir ya yi ƙasa wajen la'asar, layi na nan har bakin rijiya aka ce a yi haƙuri za a dawo. Ba a dawo ba, ba a kuma faɗa mana yaushe ba. Lokacin ma da aka zo, mafi yawan samarinmu da magidanta sun riga sun tafi ci-rani. Su ne fa masu kwana goma-goma a ɗaki ɗaya a Legas da Fatakwal da Abuja, su dawo gida da damina da tarin da ba su tafi da shi ba. Binciken ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna cutar ta fi yawa a jikin maza, amma maza masu ƙarfi su ne hoton bai gani ba a garinmu. Masu fasa dutse da ke bayan gari ma ba wanda ya je wajensu, alhali ƙurar dutse tana cin huhu, tana kuma sa tarin fuka ya sami wurin zama. Tsangayoyi biyu da muke da su, inda manyan almajirai ke kwana kafaɗa da kafaɗa, su ma ko leƙe ba a yi musu ba.

Na biyu shi ne ya fi ci mana rai, kuma a kansa zan daɗe. Hoto ba ya yanke hukunci. Zargi yake yi, gwajin kaki ne ke tabbatarwa. Ma'aikatan sun faɗa mana haka da bakinsu, kuma gaskiya suka faɗa. Duk wanda makinsa ya haura aka ba shi ɗan gwangwanin roba ya tofa kaki, aka rubuta sunansa, aka ce za a kai babban asibiti inda na'urar GeneXpert take, sakamako zai dawo nan da 'yan kwanaki. Ita wannan na'ura cikin kamar awa biyu take ba da amsa, har ta faɗi ko ƙwayar mai bijire wa magani ce. Amma mu sai da muka yi mako uku muna zarya. Yau a ce babu wuta, gobe a ce kayan gwajin sun ƙare, jibi a ce ɗan acaɓan da ke jigilar samfurin ba a biya shi ba ya daina zuwa. Wasu sakamakon ya zo. Wasu aka ce kakin ya lalace a hanya, su sake kawowa da kuɗin motarsu. Wasu har yau ba labari.

Ka duba halin da aka bar waɗannan mutane a ciki, ranka ya daɗe. An ce wa mutum akwai alama a huhunka, ba a ce kana da ita ba, ba a ce ba ka da ita ba. Ya koma ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa, ga hunturu ya shigo, an toshe taga da tsumma, an hura wuta a kasko. Idan yana da cutar, makonnin nan uku yana raba ta ne ga waɗanda ya fi ƙauna. Akwai wani maƙwabcina da ya gaji da jira, ya je kemis ya ce a ba shi maganin tibi, wato tarin fuka, aka ƙirgo masa ƙwayoyi na kwana goma gwargwadon kuɗinsa. Ya ji sauƙi, ya bari. Kai ka fi ni sanin abin da wannan ke haifarwa. Maganin tarin fuka wata shida ne cur, haɗin magani huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran wata huɗun, kuma shan sa rabi da rabi ne ke koya wa ƙwayar yadda za ta bijire. Wanda aka je nema don a taimaka masa, jinkiri ya tura shi ga abin da ya fi na farko muni da tsada.

Akwai kuma waɗanda hoton ya yi zargi, kaki ya ce babu. Abin da aka faɗa musu kawai shi ne "ba tibi ba ne, je ka gida." To mene ne? Wani dattijo da ke haki in ya yi taku goma ya tare ni a hanya da wannan tambaya, ni kuwa malamin lissafi ne. Tabon tsohon ciwo yakan fito a hoto, haka ciwon huhun masu aikin dutse, haka kumburin zuciya. Wani ma tarin fukan ne, kakin ne bai nuna ba, sai likita ya duba shi da idonsa. Idan na'ura ta ga wani abu a ƙirjin bawan Allah, hakkinsa ne a nuna masa ƙofar da zai bi.

Na uku, sirri. Ba da mugun nufi aka yi ba, na sani, amma an ajiye benci ɗaya a gefe, duk wanda makinsa ya haura sai a ce ya koma can ya jira gwangwani. Kowa na kallo ta taga. Kafin magariba gari ya gama sanin waɗanda suka zauna a bencin nan. Akwai yarinyar da aka sa wa rana, sai da dagaci da liman suka shiga tsakani kafin dangin mijin su sauko, ita kuwa daga baya aka tabbatar lafiyarta ƙalau. Akwai mai shayin da cinikinsa ya tsaya cak. Har yanzu a nan ware wa mai tari kwano da kofi ake yi, alhali ta iska cutar ke tafiya, ba ta kwano ba, kuma wanda ya yi 'yan makonni yana shan magani yadda ya kamata haɗarin ya shafa wa wani yana raguwa ƙwarai. Da an ɗauki minti goma an faɗi wannan kafin a fara aiki, da bencin nan bai zama abin kunya ba.

Na huɗu, mata da yara. Duk ma'aikatan maza ne. Magidanta da yawa sun hana matansu fita, waɗanda suka fito kuma wasu suka juya da suka ga namiji ne zai gyara musu tsayuwa. Sai ga jita-jita ta tashi cewa hasken na'urar yana hana haihuwa. Kada a yi wa mutanenmu dariya kan wannan. Ƙasar nan ba ta manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma kowa ya san yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan-inna a 2003 da abin da ya biyo baya. Amsar ma mai sauƙi ce: hasken da ke shiga jiki a hoton ƙirji ɗaya bai wuce kwatankwacin wanda mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana goma yana zaune a gidansa ba. Amma wa ya faɗa? Sankira aka ba sanarwa da daddare, da safe aka fara aiki.

Yara kuwa an ce manhajar ba tasu ba ce, aka sallame su. Mun fahimta. Sai dai a gidajen da aka tabbatar da cutar akwai ƙananan yara da ke kwana a jikin mai tarin, ba kuma wanda ya zo ya duba su. Ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki, haɗiyewa yake yi, shi ya sa yanzu ake gwada bayan gidansa. Akwai kuma maganin kariya da ake ba mutanen gida, har da wanda ake sha sau ɗaya a mako na tsawon mako 12. A garinmu a rediyo kawai muke jin labarinsu.

Na biyar gajere ne. An ce magani kyauta ne, kuma kyauta ne, mun shaida. Kuɗin mota zuwa karɓo shi ba kyauta ba ne, yinin da manomi ko ɗan acaɓa ya rasa ma haka, ga mai jinya yana son abinci mai kyau. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2017 ya gano kashi 71 cikin ɗari na gidajen da cutar ta shiga sai da ta laƙume fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara. Wata baiwar Allah a unguwarmu ta daina sha ne kawai don ta ga fitsarinta ya koma ja, ta tsorata, ba ta da kuɗin komawa ta tambaya. Ɗaya daga cikin magungunan ne ke sa haka, ba illa ba ce. Ungozomarmu ce ta gano, ta lallashe ta ta ci gaba.

Ranka ya daɗe, mun san aljihun ba shi da zurfi. Mun san yawancin kuɗin wannan yaƙi daga waje yake zuwa, kuma tun da Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, a farkon 2025 abubuwa da dama sun girgiza. Wannan ne ma ya sa muka rubuto maka kai, ba wata ƙungiya ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Tun 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Ba mu ce ka cika wannan alkawari kai kaɗai ba. Abin da muke roƙo bai kai haka ba.

Muna roƙon a fitar da jadawali a rubuce, a manna a ɗakin shan magani da ƙofar dagaci, mu san watan da na'urar za ta zo kowace mazaɓa. Sau biyu a shekara muke nema, ɗaya a farkon damina lokacin da 'yan ci-rani suka dawo. A sa wurin fasa dutse da tsangayoyi da tasha a ciki, gidan gyaran halin da ke hedikwatar ƙaramar hukuma ma kada a manta da shi.

Muna roƙon kada a sake kawo hoto shi kaɗai. Akwai na'urar gwajin kaki mai aiki da batir, Truenat, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2020, kuma a ƙasar nan ƙungiyar KNCV mai yaƙi da tarin fuka ta riga ta nuna ana iya ɗora hoto da gwaji tare a kan mota, har da adaidaita sahu. A haɗa su, mutum ya san matsayinsa a ranar, wanda aka tabbatar a ɗora shi kan magani kafin ma'aikata su bar gari. Inda hakan bai samu ba, jiha ta ɗauki nauyin mai jigilar samfuri daga kasafinta, a kuma sa wa'adin kwanakin da sakamako ba zai wuce ba, tare da lambar jami'in da za mu kira in ya wuce. Wanda kakinsa ya ce babu alhali hoto ya nuna wani abu, a ba shi takardar turawa wajen likita.

A zo da mace cikin ma'aikata, a sa labule, a tambayi masu juna biyu a keɓe. A soke bencin nan: kowa a kira shi shi kaɗai a faɗa masa nasa. A ba mu sanarwar mako guda domin limamai su yi bayani a huɗuba, shugabar mata ta zaga gidaje. Duk gidan da aka tabbatar, a bi shi cikin mako guda a duba mutanen ciki, musamman yara, a ba waɗanda suka cancanta maganin kariya. Sannan a mayar da ɗakin shan maganinmu wurin karɓar maganin tarin fuka, a tura ma'aikacinsa horo ko da na ɗan lokaci ne. Cibiyar horaswa ta Saye da ke Zariya don irin wannan aka kafa ta.

Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba. Ajina na nan, hedimasta ya amince. Mai cajin waya na bakin kasuwa ya ce solarsa kyauta ce ranar aiki, don kada batir ya sake yanke mana layi. Matasa shida sun ba da sunansu za su riƙa bin masu shan magani gida-gida har su cika wata shida, abin da suke buƙata kawai a koya musu yadda ake cike katin shan magani. Dagaci ya ce shi zai fara tsayawa a gaban na'urar a idon jama'a, matansa su biyo baya in an zo da mace.

Littafin kwamiti yana hannuna, da sunayen waɗanda har yau ke jiran sakamakon bara. Ba zan sa su a nan ba saboda dalilin da na faɗa a sama, amma duk jami'in da ka turo zan miƙa masa hannu da hannu. Kwamitinmu yana zama Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan la'asar a zauren dagaci, muna fata a zama mai zuwa mu karanta amsarka.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka,
Sakataren Kwamitin Lafiya na Mazaɓa,
a madadin dagaci da dukkan 'yan kwamiti.